Za a iya yanka gurbin bawul a kan fistan na asali?

Tambaya: Ina haɗa injin fetur mai silinda 4, lita 2, marar tarbo. Na sa masa kamshaf mai buɗe bawul da yawa, an kuma aske fuskar kan silinda. Yanzu ana ce mini bawul zai iya taɓa fistan. Kuɗin da ya rage a hannuna ba zai sayi fistan na musamman ba. Zan iya yanka gurbi a kan waɗanda suka zo da injin? Idan zan iya, zurfin nawa?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa. Yanka gurbin bawul a kan fistan na asali tsohon aiki ne a wajen masu ƙara wa inji ƙarfi, kuma ga inji irin naka, na fetur, marar tarbo, yana cikin gyare-gyaren da mai ƙaramin ƙarfi zai iya yi ba tare da ya yi caca da injinsa ba. Amma tambayarka ta biyu, wato zurfin nawa, ba ni zan amsa ta ba, kuma wanda ya ce maka bawul zai taɓa shi ma ba zai iya ba. Lambobi biyu ne ke amsa ta, dukansu a jikin injinka suke: tazarar da ta rage tsakanin bawul da fistan, da kaurin ƙarfen da ke ƙarƙashin wurin da za ka yanka. Ban ga ko ɗaya a tambayarka ba, don haka daga nan za mu fara. Kana ma iya aunawa ka tarar babu abin yankawa.

Mutane da yawa iyakar nutsawar bawul suke kallo a takardar kamshaf, su ce da ita za a yi lissafi. Haɗarin ba a nan yake ba. Lokacin da bawul ɗin shaƙa ya kai ƙarshen buɗewarsa, kiranshaf, sandar da fistan ke juyawa, ya wuce maƙurar sama, wato inda fistan ke kai ƙarshen hawansa, da digiri 100 da 'yan kai, fistan ya riga ya gangara fiye da rabin tafiyarsa, babu abin da ya haɗa su. Inda suke kusantar juna shi ne ƙarshen bugun hayaƙi da farkon bugun shaƙa, lokacin da bawul ɗin hayaƙi bai gama rufewa ba, na shaƙa kuma ya fara buɗewa, fistan yana can sama. A yawancin injuna na hayaƙi ya fi matsowa kusa da fistan wajen digiri 10 kafin maƙura, na shaƙa kuma wajen digiri 10 bayanta.

Dalilin kuwa shi ne fistan yana jinkiri a sama. A injin da tafiyar fistansa milimita 86 ce, digiri 10 daga maƙura bai sauka ko da milimita 1 cikakkiya ba, a digiri 20 ma milimita 3 da ɗan kai kawai ya yi. Shi kuwa bawul a daidai wannan lokaci gudu yake ƙarawa. To ka ga abin da ke cin tazara shi ne tsawon lokacin da kamshaf ke riƙe bawul a buɗe, da inda aka saita tayimin ɗinsa. Kamshaf mai matsakaiciyar nutsawa amma mai buɗewa da wuri ya fi mai zurfin nutsawa da gajeren lokaci haɗari ga fistan. Askin da aka yi wa kan silinda kuma ya ci daga tazarar kusan daidai da abin da aka aske. Akwai ma wani abu da ba a cika lura da shi ba: idan kamshaf ɗinka a saman kan silinda yake, askin ya matso da shi kusa da kiranshaf, sarƙa ko bel ya samu sassauci, sai tayimin ya ɗan ja baya da kansa. Ja da bayan nan bawul ɗin hayaƙi yake cuta.

Tazarar da aka saba nema ga injin da za a hau titi da shi ita ce milimita 2 a bawul ɗin shaƙa da milimita 2.5 a na hayaƙi. A takardun da suke da inci za ka ga 0.080 da 0.100, abu ɗaya ne. Ta gefe kuma, tsakanin bakin faifan bawul da bangon gurbi, a bar kamar milimita 1.3 ko'ina. Masu tsere suna sauka ƙasa da haka, amma su suna kwance inji bayan 'yan gasanni, suna da sifirin ɗin bawul da suka auna ƙarfinsa, suna kuma da kuɗin sake wani injin. Kai ka tsaya a kan waɗannan lambobi.

An fi ba na hayaƙi wuri saboda shi fistan ke bi a baya. Shi yana komawa mazauninsa, fistan yana tasowa a ƙarƙashinsa, kuma ba abin da ke janye shi sai sifirin. A juyi 6,000 cikin minti, kowane bawul yana buɗewa yana rufewa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Da sifirin ya gaza, ko ƙafarka ta zarce, ko ka sa giyar da ba ita ba a kan gudu, bawul zai makara wajen rufewa, fistan ya cim masa. Ga shi kuma ya fi kowane zafi, sandarsa tana ƙara tsawo. Sarƙar tayimin ma idan ta tsufa ta miƙe, baya take jan kamshaf, wato dai bawul ɗin hayaƙin take ƙara matsowa kusa da fistan. Na shaƙa kuwa shi ke bin fistan, kamshaf ne ke tura shi, ba ya wuce inda aka kai shi sai abu ya lalace sosai.

Yanzu awo. Kafin komai ka saita tayimin ɗin kamshaf a inda zai zauna, da faifan digiri a kan kiranshaf, bayan ka nemo ainihin maƙurar sama. Kada ka dogara da alamar da ke jikin fuli kaɗai, ba a yi ta don irin wannan aiki ba. Duk awon da aka yi kafin saita tayimin ɓata lokaci ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta yumɓun wasan yara, irin wanda ba ya bushewa. Ka goge kan fistan tas don yumɓun ya kama, ka shimfiɗa shi da kaurin kamar milimita 6 a inda bawuloli za su sauka, ka shafa ɗan mai a fuskar bawul don kada ya ɗauke shi. Ka ɗora gaskit mai kaurin wanda za ka yi aiki da shi bayan an matse (tsohon gaskit irinsa ya wadatar), ka ɗaure kan silinda, ka haɗa tayimin, ka juya kiranshaf da hannu sau biyu cikakku. A hankali, da sifana, filogi a cire. Idan ka ji ya cije, ka tsaya, kada ka tilasta, domin ko da ƙarfin hannu ana lanƙwasa bawul. Sai ka buɗe, ka tsaga yumɓun da reza ta tsakiyar sawun kowane bawul, ka auna inda ya fi siranta. Ka dubi bangon sawun ma, nan ne za ka ga tazarar gefe.

Yumɓu yana nuna maka siffar wurin, amma ba ya faɗin gaskiya dalla-dalla, yana ɗan tasowa bayan an danne shi, reza ma tana jan sa. Don samun lambar da za ka yanka ƙarfe a kanta, na fi yarda da agogon awo mai allura. Ka cire sifirin na gaske daga bawulolin silinda ɗaya, ka sa mai laushi wanda yatsa ke iya dannewa. Ka kafa agogon a saman bawul, a miƙe da sandarsa. Daga digiri 20 kafin maƙura zuwa digiri 20 bayanta, ka riƙa tsayawa bayan kowane digiri 5, ka danna bawul da hannu har ya taɓa fistan, ka rubuta abin da allura ta tafi. Inda lambobin suka fi ƙanƙanta, ka koma ka bi wurin digiri biyu-biyu. Mafi ƙanƙantar lamba ita ce tazararka, kuma ka rubuta digirin da ta faɗo, za ka bukace shi wajen yanka. Sifirin mai laushi yakan nuna tazara ƙasa kaɗan da ta gaske, saboda na gaske yana ɗan lanƙwasa roka, wato hannun da ke danna bawul, da sauran kayan. Wannan bambancin ka bar shi a matsayin ajiya, kada ka cire shi daga lissafi.

Abubuwa biyu ne suka fi yaudarar mai awo. Na farko tafet, abin da tudun kamshaf ke turawa don bawul ya buɗe, irin mai aiki da mai. Idan inji ba ya tafiya babu matsin mai, sai tafet ɗin ya lotsa a ƙarƙashin sifirin, bawul ya ƙi buɗewa yadda zai buɗe a kan hanya, kai kuma ka ga tazara mai faɗi wadda babu ita. Dole ka sa tafet daskararre a madadinsa, ko ka kwance tsoho ɗaya ka cike cikinsa da washa, ƙananan zobban ƙarfe, har ya daina lotsawa. Na biyu injuna masu sauya tayimin da kansu. Irin VVT-i na Toyota yana iya tura kamshaf ɗin shaƙa gaba da digiri 40 ko fiye, amma idan inji a kashe yake, a can baya yake kwance, inda tazara ta fi yawa. Ka auna shi a ƙarshen turawarsa. Haka VTEC na Honda: babban tudun kamshaf ba ya shiga aiki sai da matsin mai, sai ka kulle rokokin tare kafin ka auna. Kuma kada ka tsaya a silinda ɗaya, ka duba ta farko da ta ƙarshe aƙalla, don ba kullum fuskar bulo, wato gangar jikin injin, take daidai daga wannan kai zuwa wancan ba.

Mu ɗauka, a misali, ka samu 1.2 a na shaƙa da 2.9 a na hayaƙi. Kafin ka taɓa fistan, ka duba abin da tayimin zai iya ba ka. Tura kamshaf gaba yana rage tazarar shaƙa ya ƙara ta hayaƙi, ja da shi baya kuma akasin haka, kuma a injuna da yawa digiri 4 yana motsa tazara kusan rabin milimita. Da giyar kamshaf mai saitawa za ka iya karɓo kaɗan daga inda ya yi yawa ka kai inda ya gaza. Ba kyauta ba ne, ja da baya yana kai ƙarfin inji can saman juyi ya rage shi a ƙasa, don haka digiri 2 zuwa 4 ne iyakar abin da zan ce ka taɓa. Ko bai kai ka milimita 2 ba, ya rage zurfin da za ka yanka, kuma kowane rabin milimita da ka bar wa fistan riba ce.

Gaskit mai kauri kuwa, wanda shi kowa ke fara kawowa, ba na son sa sai in ɗan kaɗan ne ya rage. Ratar da ke tsakanin shimfiɗaɗɗen kan fistan da fuskar kan silinda tana da aiki: idan tana wajen milimita 0.9 zuwa 1.1, fistan yana matse iska da mai daga gefe ya watsa su tsakiya, wuta ta ci da sauri. Ka buɗe ta zuwa milimita 2, ka rasa matsin da ka biya aka yi aski dominsa, kuma injin yana iya fi saurin yin ƙarar fashewar wuta duk da matsinsa ya ragu. Nutsar da mazaunin bawul cikin kan silinda ma yana ba da tazara, amma yana toshe numfashin bawul a farkon buɗewarsa. Idan kuma awo ya nuna kana bukatar yanka milimita 3 ko fiye, magana ta gaskiya ita ce kamshaf ɗin ya fi ƙarfin wannan inji, mayar da shi ka karɓi ƙarami ya fi maka sauƙi.

Lamba ta biyu tana cikin fistan. Fistan na asali a yawancin motoci na zubi ne, an narka alminiyam an zuba a mazubi. Na zamani da yawa suna da silikon mai yawa, kashi 16 zuwa 18 cikin 100, sama da kashi 12 da alminiyam ke iya narkarwa a jikinsa. Wannan yana sa su jure gogayya, ba sa kuma kumbura sosai da zafi, amma suna da gautsi: ba sa lanƙwasa, tsagewa suke yi. Na ƙira, waɗanda aka matse da ƙarfi daga dunƙulen alminiyam irin mai lamba 4032 ko 2618, sun fi yafiya. Naka ba su da wannan yafiyar, shi ya sa kaurin da ya rage bayan yanka yake da muhimmanci haka. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ya gaza milimita 5, wato inci 0.200, a wuri mafi zurfi na gurbin.

Kada ka auna kauri a tsakiyar fistan ka ɗauka haka yake ko'ina. Cikin fistan ba a shafe yake ba, akwai haƙarƙari, akwai lotsawa, akwai inda mazubi ya bar shi siriri, kuma gurbin bawul a gefe yake zurfafa. Dabara mafi arha da na sani ita ce ka nemi mataccen fistan irin naka sak, ka tsaga shi da zarto ta inda bawul ke sauka, ka ga cikinsa da idonka. A nan ne za ka ga abin da ya fi kaurin kai haɗari, wato ramin ringi na sama. Gurbin bawul ɗin shaƙa yana gangarawa waje, ramin ringi kuma yana shigowa ciki, sai ƙarfen da ke tsakaninsu ya zama ɗan siririn tsiri a wurin da ya fi ko'ina zafi. Fistan da aka zarce wajen yanka yawanci ta nan yake mutuwa: ɓallin gefe ya tashi, ya bi bawul ɗin hayaƙi ko ya kafe tsakanin fistan da kan silinda. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Idan fistan ɗinka irin na zamani ne da aka ɗaga ringinsa na sama kusa da kai, wurin yankanka kaɗan ne ƙwarai.

Akwai waɗanda ba a taɓa su sam: fistan ɗin dizal, da mai ramin mai a cikin kansa don sanyaya shi, da duk wanda za a ɗora wa tarbo ko naitiros, iskar ƙara wa inji ƙarfi, daga baya. Idan kana da niyyar tarbo ko da nan gaba ne, ka haƙura ka tara kuɗin na ƙira.

Wajen yankan kansa, tunda injinka a kwance yake, abin da ya fi shi ne ka kai fistan ɗin wajen masu injin sassaƙar ƙarfe. Abin da za ka kai musu shi ne kusurwar bawul ɗinka, da faɗin gurbi, da zurfinsa, da alamar tsakiya. Kusurwar ta bambanta daga inji zuwa inji (tsohon ƙaramin injin V8 na Chevrolet digiri 23 ne, na Ford digiri 20, yawancin injunan LS na Chevrolet kuma 15), don haka a auna ta a jikin kan silindarka. Alamar tsakiya kuwa kai za ka yi ta: ka yanke faifan tsohon bawul, ka fiƙe sandar ta yi tsini, ka tsayar da fistan a digirin nan da ka rubuta, ka zura sandar ta bututun bawul, wato ramin da sandar bawul ke bi a kan silinda, ka ɗan buga ta a hankali. Faɗin gurbi ya fi na bawul da kamar milimita 2.5, shi zai ba ka 1.3 ta kowane gefe. Zurfi kuma a bin sandar bawul ake lissafa shi, yadda ka auna. Ka roƙe su kusurwar ƙasan gurbin ta zama mai lanƙwasa, don tsagewa daga kusurwa mai kaifi take farawa.

Hanya ta biyu ita ce yanka a cikin bulo, inda kan silinda ke zama jagora. Kamfanin Isky na Amurka yana sayar da abin yanka na wannan aiki, mai sanda kamar ta bawul da haƙora a fuska. Ana zura shi ta bututun bawul daga ƙasa, a ɗaure kan silinda, a juya shi daga sama. Kyawunta shi ne kusurwa da wuri suna zuwa daidai da kansu. Ka nemi mataccen kan silinda irin naka, wanda bututunsa bai ci ba, domin abin yankan ya fi bawul faɗi kuma zai ɓata mazauni mai kyau. Ka kafe kiranshaf kada ya motsa, a digiri ɗaya ga kowace silinda, ka cusa siraran fila geji, ƙarafan nan na auna rata, a gefen fistan don kada ya karkata, ka toshe ratar gefensa da ramukan mai da na ruwa da tef da giris. Don tsayar da zurfi, ka sauke abin yankan har ya taɓa fistan, ka sa fila geji mai kaurin da kake so tsakanin saman bututu da zobe mai sukuru a jikin sandar, ka ɗaure zoben, ka zare gejin. Da zoben ya zauna, yanka ya ƙare.

Ga wani abu da ke rikita mutane a nan. Tunda abin yankan ya fi bawul faɗi kuma a karkace yake sauka, bakinsa yana riga na bawul taɓa fistan. A bawul mai karkatar digiri 20 bambancin ya kusa rabin milimita a kan fistan mai shafaffen kai. Wato idan ka saita 0.8, tazarar da za ka samu ba za ta ƙaru da 0.8 ba. Saboda haka ka yanka fistan ɗaya, ka mayar da kan silinda na gaske, ka sake aunawa, ka gyara zoben, sannan ka wuce ga sauran.

Masu ƙaramin ƙarfi sukan yi nasu abin yankan da tsohon bawul mai faɗi, su manna masa samfefa mai kaushi a fuska. Yana aiki idan abin da za a cire bai kai milimita 1 ba, fuskar bawul ɗin kuma a shafe take. Amma yana da jinkiri, ba ya fitar da bango mai kyau, samfefar tana cinyewa zurfi ya riƙa sauyawa, kuma yashinta maƙiyin ringi da bangon silinda ne. Wanda ya bi wannan hanya sai ya kwance komai ya wanke da ruwan zafi da sabulu. Abin da ba zan yarda ka yi ba ko kaɗan shi ne ka ɗauki injin gurza a hannu ka ƙwaƙule gurbi da ido. Ba za ka samu zurfi ɗaya a fistan huɗu ba, kuma ba za ka san inda ka tsaya game da ramin ringi ba.

Bayan yanka, kowane baki mai kaifi sai an kashe shi da magagari mai laushi da samfefa, har yatsa ya bi bai ji kaifi ba. Siririn baki yana yin ja da zafi ya kunna mai kafin filogi ya ba da wuta, kuma fistan na zubi ba ya daɗewa a irin wannan hali. Idan wani ɗan tsiri ya rage tsakanin gurbi da gefen fistan, ka kwantar da shi gaba ɗaya. Ka sa wa kowane fistan lambar silindarsa, ka kula da kibiyar gaba, domin yanzu juya shi baya yana nufin gurbin shaƙa ya koma ƙarƙashin bawul ɗin hayaƙi.

Sai sikeli na auna nauyin fistan, da sirinji na auna girman gurbi. Alminiyam yana da nauyin giram 2.7 a kowane sisi (cc) ɗaya, don haka gurbin sisi 2 ya cire kamar giram 5 da ɗan kai. A inji mai silinda 4 a jere wannan ba ya bukatar a sake daidaita kiranshaf, muddin fistan huɗun sun zo nauyi ɗaya, bambancinsu bai wuce giram 1 ba. Idan za ka rage wa mai nauyi, daga ƙasa ake ragewa, inda aka bar tudun yin haka, ba daga kai ba. Matsi kuma zai sauka. Silinda mai faɗi 86 da tafiya 86 tana ɗaukar kusan sisi 500. Idan matsinta 10 ne a kan 1, sararin da ke sama sisi 55.5 ne, ka ƙara masa 2 ya koma wajen 9.7. Asarar ba ta da yawa, amma kamshaf mai dogon lokaci yana son matsi, shi ya sa nake cewa kada ka yanka gurbin hayaƙi don kawai ka yanka na shaƙa, idan awo bai nema ba.

Idan ka zo haɗawa ta ƙarshe, ka sake yin awon yumɓu da sifirin na gaske da sabon tayimin, a kowace silinda in ka samu hali. A wannan zaman ka duba cewa sifirin bai haɗe zobbansa ba a ƙarshen buɗewa, kuma mariƙinsa bai taɓa robar bututun bawul ba. Kamshaf irin naka yana zuwa da sifirin ɗin da aka ce a sa masa, kuma idan kuɗi ɗaya ya rage maka, nan za ka kai shi, domin tazarar 2.5 ba ta ceton bawul ɗin da sifirinsa ya gaji. Ka sa sabon bel ko sabuwar sarƙa. Gurbin da ka yanka na bawul ne mai tafiya a kan tayimin, ranar da bel ya tsinke bawul zai tsaya a buɗe fistan ya same shi.

Bayan injin ya ɗan yi aiki ka kuma kai shi saman juyinsa, ka cire filogi ka leƙa da ƙaramar kyamarar leƙen silinda. Baƙin hayaƙi ya kamata ya rufe cikin gurbin bai ɗaya. Idan ka ga sawu mai ƙyalli a bangon gurbi, tazarar gefe ce ta gaza ko bututun bawul ya ci. Idan kuma a ƙasan gurbin hayaƙi yake, kafin ka zargi zurfi ka auna ƙarfin sifirin, ka sake duba tayimin, ka kuma rage iyakar juyin da ka saita har sai ka gano wanne ne a cikinsu.